Littafin Aiki: Sassaƙa Samfurin Jirgin Ruwa Mai Suna Zungeru

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na sa hannu a aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato samfurin jirgin dakon kaya mai suna Zungeru. Da katako zan yi shi, santimita ɗaya a madadin mita ɗaya. Jirgin na gaske tsawonsa mita 134.6 ne, faɗinsa mita 17.3, ke nan nawa zai zo santimita 134.6 da 17.3. Ya isa ya cika tebur ɗaya a ɗakin aikin hannu na makarantarmu, inda nake so ya zauna idan Allah ya nufa an gama.

An ƙera shi a Baltimo ta Amurka a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya ne daga jirage 2,710 samfurin Liberty da maƙerun jirage 18 suka fitar tsakanin 1941 da 1945. Kusan 200 daga ciki aka ba Ingila aro, kusan duk sunayensu na farawa da Sam, shi kuma wannan aka ce masa Samota. Da yaƙi ya ƙare, kamfanin Elder Dempster na Libaful ya saye shi a 1947 tare da 'yan'uwansa biyu, ya raɗa musu Zungeru da Zini da Zungon, ya sa su a hanyar Afirka ta Yamma. Ya yi wa kamfanin aiki har 1958, sannan aka sayar da shi ya koma Poros.

Abin da ya ja ni ga wannan jirgi shi ne giɓin da nake gani a labarin da muke ba yara. Kowane ɗalibi a Kano ya san hoton dalar gyada. Ka tambaye shi ina buhunan suke zuwa, zai ce maka Legas, daga nan sai shiru. Alhali a Apapa ne rabin tafiyar ya fara, kuma irin wannan jirgi ne ke ɗaukar sauran rabin. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, bayani da baki ba ya isar masa. Gara ya ga abin a gabansa, ya leƙa rumbunan kayan, ya taɓa farfelar.

Zanen jiragen Liberty a buɗe yake a intanet, tunda galibinsu tsari guda ne. Na kai an buga mini shi a manyan takardu biyu daidai da ma'aunina. Kuɗin bugawa N6,000.

Asabar, 12 ga Oktoba

'Yan Katako, Na'ibawa. Obeche na je nema, saboda ba shi da nauyi, ba shi da ido, kuma wuƙa na cinsa ta kowace fuska. Mai rumfar ya so ya tura ni ga madaci.

"Malam, in kabad ne za ka yi, wannan ba zai daɗe maka ba."

Da na buɗe masa zanen sai ya kira maƙwabtansa su zo su gani, aka bar ciniki aka koma musu a kan ko ƙarfe mai wannan girma zai iya tsayawa a kan ruwa. A ƙarshe shi da kansa ya zaƙulo mini falankai uku miƙaƙƙu daga ƙasan tari.

Wannan katako ma yana cikin kayan da jiragen Elder Dempster ke kwasa daga Sapele zuwa Turai, kuma masu sassaƙa samfurin jirage a Ingila sun daɗe suna amfani da shi. Ya yi mini daɗi da ya kasance shi ne jikin nawa jirgin.

Tsarin da zan bi shi ne na hawa-hawa. Za a yanka falanki biyar, kowanne da siffar jirgin a wani tsayi daga ƙasa, a huda cikin na tsakiya don rage nauyi, a haɗa su da gam, sannan a sassaƙe matakalar da ta fito a gefe har ta zama sumul. Bayan an goge su a inji, kowanne ya dawo santimita 2.3. Biyar sun ba da 11.5, zurfin jikin jirgin kuwa daga ƙasa zuwa daɓen sama mita 11.4 ne. Kamar an auna. Goshin ne kawai zai buƙaci ƙarin guntu, domin yana ɗan ɗagawa sama.

Falanki uku N22,500. Gogewa a inji N3,000. Adaidaita sahu N1,500. Gam N4,000. Ƙarafan matsewa aro na karɓo wurin kafintan unguwarmu.

Asabar, 19 ga Oktoba

An yanka hawa biyar, an huda ukun tsakiya. Na fafe bakunan rumbu biyar a falankin sama, uku a gaban ginin tsakiya, biyu a bayansa. An shafa gam an matse. Samfefa da bakin zarto N4,000.

Asabar, 26 ga Oktoba

Sassaƙa. Tsakiyar jirgin ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan, domin akwati ce kawai: ƙasa a shimfiɗe, gefe a tsaye. Duk aikin yana goshi da gindi, musamman inda jikin ke tsukewa ya nufi farfela. Na yanka kwali da siffar kowane sashe daga zanen, ina sassaƙa ina ɗorawa, inda haske ya ratsa tsakanin kwali da katako na san da saura.

Sauƙin nan da hannuna ya ji, da gangan aka yi shi. Asalin zanen na Ingila ne, daga maƙerar J.L. Thompson da ke Sunderland, inda suka ƙware da jiragen dako marasa ado masu tsimin gawayi. A 1940, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus na nutsar da jiragen Ingila fiye da yadda take iya maye gurbinsu, sai ta aika tawaga Amurka ƙarƙashin Cyril Thompson, aka ba da odar jirage 60 samfurin Ocean. Amurkawa suka ɗauki wannan zane suka gyara shi don kansu. Suka sauya gawayi da baƙin mai, suka tattara ɗakunan ma'aikata a gini ɗaya a tsakiya, suka rage duk wani lanƙwason da zai sa a daɗe ana murɗa farantin ƙarfe. Babban canjin kuwa shi ne walda a maimakon ƙusoshin da ake dasawa da zafi. Mai dasa ƙusa sai ya daɗe yana koyo, mai walda kuwa cikin 'yan makonni an horar da shi, shi ya sa aka iya ɗibar dubban mutanen da ba su taɓa shiga maƙerar jirgi ba, har da mata masu yawa.

Na farko, Patrick Henry, an tura shi ruwa ran 27 ga Satumba, 1941, a wannan maƙera ta Baltimo, kuma ya ci kwana 244 kafin a gama shi. Ana tafiya aka dawo wajen kwana 42. A Nuwamban 1942, a maƙerar Henry Kaiser da ke Richmond ta Kalifoniya, aka haɗa Robert E. Peary cikin kwana huɗu da awa goma sha biyar da rabi. Wannan na nuna bajinta ne don jaridu, an riga an tanadi manyan sassan a gefe. A wurina kwana 42 ɗin ne abin mamaki, domin shi ne aikin yau da gobe, ba na biki ba.

Shugaba Roosevelt da ya ga zanen bai ɓoye cewa jirgin mummuna ne ba. Ni kam da nake shafa jikinsa yau ban ga muni ba. Abu ne da aka yi don ɗaukar kaya, kuma duk inda ka duba ɗaukar kayan kake gani.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Samfefa tun safe. Gefen dama ya yi daidai da kwalayen, na hagu da ɗan tudu kusa da goshi. Ƙura ta cika tsakar gida, uwargida ta ce a koma da aikin zaure.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Komawa zaure ta yi rana. Wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya yi dako a filin dalar gyada na Ƙofar Mazugal a shekarun bayan samun 'yanci, ya leƙo gaisuwa ya tarar da ni a kan aikin. Ya zauna a tabarma ya daɗe yana kallo.

"Ɗan nan, kwami kake sassaƙawa?"

"A'a Baba, irin jirgin da ke kai gyadarku Ingila ne."

Ya sa hannu cikin rumbu na biyu, wanda ya fi kowanne girma, ya tambaye ni buhu nawa yake ci. Na ce masa jirgin dukkansa na ɗaukar kaya wajen tan 9,000, wato lodin tirela 300 mai tan talatin-talatin. Ya girgiza kai ya ce su dai iyakarsu bakin wagunu, daga nan ba su san inda take zuwa ba. Sai ya shiga ba ni yadda ake gina dala: a fara shimfiɗa gindi mai faɗi, kowane sahu a ɗan ja shi ciki, buhunan da kansu su zama matakala. Mutum ya ɗauko buhu a ka ya hau da sassarfa, don in ka tsaya a tsakiya ƙafa za ta yi rawa, na bayanka kuma yana tafe. Ya nuna mini bayan wuyansa ya ce har yau wurin bai daina tuna masa ba. Da damina ta gabato a lulluɓe da tamfol, amma duk da haka ƙwari na cin rabonsu a dalar da ta daɗe.

Maganar daɗewar nan ita ce ba a cika faɗa ba. Muna kallon dala a matsayin alamar arziki, kuma haka ne, sai dai ita ma alamar jinkiri ce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, nan da nan gyada ta zama sana'a, su Alhassan Ɗantata suka yi fice a sayenta. Amma layi ɗaya ne tal, sama da kilomita 1,100 zuwa Legas. Bayan yaƙi kawunan jirgi da wagunu sun tsufa sun yi ƙaranci, sai gyadar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba. A daidai lokacin Ingila na cikin ƙarancin man girki, har ta narka kuɗi a 1947 a wani gagarumin shirin noman gyada a Tanganyika, wanda ya rushe a 1951. Gyadar da suke nema tana nan jibge a Kano, manoma da fartanya sun riga sun noma ta. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyada ta Nijeriya. Cikin wannan yanayi Elder Dempster ya sayi jiragen nan uku.

Layin kuwa ta Zariya da Kaduna da Minna yake bi, ya ratsa garin Zungeru a bakin kogin Kaduna, inda Lugga ya yi hedkwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna a 1917, sannan ya tsallaka Kwara a Jebba. Duk buhun da Baba ya ɗora a wagunun da za su Legas sai ya wuce ta garin da aka sa wa jirgin sunansa.

Na roƙe shi ranar da za a kai samfurin makaranta ya zo ya yi wa yara bayani da bakinsa. Ya ce in da rai da lafiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ginin tsakiya, hawa uku, da siririn fulawud. N4,500. Tagogin zagaye da ƙusa mai zafi na huda su. Bututun hayaƙi daga guntun fayif ɗin wayar lantarki.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Farfela. Ta gaske kunne huɗu gare ta, faɗinta wajen mita 5.6, don haka tawa santimita 5.6. Na samo guntun farantin tagulla a Ƙofar Ruwa, na yanka kunnuwan da almakashin kwano, na kai wa wani mai gyaran lagireto ya haɗa mini su da dalma. Ya riƙe kowane kunne da filaya, ya ɗan murɗa shi a kan yatsansa har ya yi daidai da zanen, ya ɗiga dalmar kamar ƙwayar gero, ya hura, ya juya ta a tsinke a gaban fanka ya ga ko tana rawa. Ba ta yi ba. Tagulla N2,000, aikinsa N1,500.

Injin ba zai fito a samfurin ba, tunda yana can ciki, amma ba zan bar yara ba tare da sun san shi ba. Zan zana shi a babban kwali a rataye a bango. Tukwane biyu ne ake hura wa wuta da baƙin mai su dafa ruwa. Tururin ya fara shiga ƙaramar silinda mai faɗin inci 24 da rabi da dukkan ƙarfinsa, ya tura fistin. Maimakon a sake shi iska, sai a wuce da shi ta biyu mai inci 37, daga nan ta uku mai inci 70. Ƙarfinsa na raguwa, fistin ɗin na ƙara faɗi, sai aikin ya zo kusan ɗaya. A ƙarshe a sanyaya shi da ruwan teku ya koma ruwa, a mayar tukunya. Injin na da nauyin tan 140 da ƙarfin doki 2,500, yana juya farfela sau 76 kacal a minti. Gudun jirgin wajen kilomita 20 ne kawai a awa. Daga Legas zuwa Libaful, ko ba a tsaya ko'ina ba, sai an haura mako biyu.

Ko a 1941 wannan inji tsohon yayi ne. An zaɓe shi ne don injunan zamani masu giya an keɓe su ga jiragen yaƙi, shi kuwa masana'antu da yawa na iya ƙera shi, kuma duk wanda ya taɓa aiki da injin tururi zai iya kula da shi. Ina ganin wannan zaɓi ne ya ba jiragen tsawon rai bayan yaƙi. Abin da bakanike zai iya kwancewa ya gyara a kowace tasha ya fi abin da sai an jira injiniya daga kamfani.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Marufan rumbu biyar. Allon da ke juya akalar jirgi a baya. Anga biyu daga waya. Sanyi ya fara sauka.

Lahadi, 8 ga Disamba

Jirgi ya tsage.

Hazo ya sauka da ƙarfi tun tsakiyar mako. Da asubar yau na ɗaga zanin da nake rufe shi, sai ga tsaga ta taso daga kusurwar bakin rumbu na biyu ta bangaren hagu, ta bi tsawon katakon ta nufi goshi, ta yi kusan taki ɗaya. A farkonta ƙumba na shiga. Haɗin hawa na huɗu da na biyar shi ma ya buɗe a gindi, gam ɗin ya bar farin layi a gefe guda. Na ɗora dogon rula a daɓen, sai na ga tsakiya ta ɗan taso, gefe da gefe sun sauka.

Na kira kafintan unguwarmu. Ya ɗauki jirgin ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya shinshina cikin rumbun.

"Malam, ruwan Kudu ne bai gama fita ba. Ƙarshen damina aka kawo shi, waje ya bushe, ciki da saura. Hunturu ya zo ya ja na wajen da ƙarfi, cikin bai bi shi ba."

Ya ce falankin sama ya fi shan wahala saboda ramuka biyar da ke jikinsa, kuma tsaga kullum kusurwa take nema. Shawararsa kada a taɓa shi yanzu. A naɗe shi da tsohon bargo a sa a ƙuryar ɗaki, nesa da iska, ya gama motsinsa tukuna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da daddare na koma karatun tsagewar jiragen na gaske, abin da na san da shi sama-sama. Su ba bushewa ce ta same su ba, sanyi ne. A ruwan arewacin Atlantika da na Alaska, jirage da dama sun tsage, wasu suka rabe biyu ba gargaɗi. John P. Gaines ya karye a kusa da tsibiran Aleutian ran 24 ga Nuwamba, 1943, mutum 10 suka rasu. Da farko masu walda aka ɗora wa laifi, aka ce sababbin hannu ne kuma ana gaggawa. Wata masaniyar ƙarafa a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ita ta nuna cewa matsalar tana cikin ƙarfen kansa: in sanyi ya kai wani mataki, ƙarfen da ya saba lanƙwasawa sai ya koma mai karyewa farat ɗaya. Walda ta ƙara abin ne ta wata fuska. A jirgin ƙusa, tsaga in ta kai bakin faranti sai ta tsaya. A jirgin walda kuwa jikin duk abu ɗaya ne, ba inda za ta tsaya. Mafarinta sau da yawa kusurwar bakin rumbu ce, musamman na uku da ke kusa da tsakiya, domin an yanka su da kaifin kusurwa. Maganin da aka yi shi ne a zagaye kusurwoyin a ƙarfafa su, a kuma ɗaura dogon farantin da aka dasa da ƙusa a tsawon jirgin don ya tare tsaga.

Na ji haushin yadda aka yi saurin zargin leburori kafin a binciki kayan da aka ba su. Wannan zai shiga bayanin da zan rubuta wa yara.

Asabar, 21 ga Disamba

An buɗe bargo. Tsagar ta ƙaru kaɗan sannan ta tsaya. Mun huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, muka fere siririn obeche muka cusa da gam, muka manna guntayen fulawud a ƙarƙashin daɓen a kowace kusurwa ta rumbunan biyar. Haɗin gindi an sake buɗe shi an kankare tsohon gam, an matse, an kafa turakun katako huɗu daga ƙasa. Tudun daɓen da samfefa aka ci shi. Sauran ramuka bodi-fila ta rufe, N7,000. Na shafe ciki da waje da fenti na fari don iska ta daina shiga kai tsaye. Kafinta ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a dai sa shi cikin masu rakiya ranar kai wa makaranta.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙaramin ɗana ya ga hotunan da nake dubawa, ya ce, "Abba, ina bindigogin namu?" Tambayar da ya kamata in yanke hukunci a kanta ke nan kafin fenti.

A lokacin yaƙi jiragen nan toka-toka ne daga sama har ƙasa, da babbar bindiga a gindi, wata a goshi, da ƙanana na harbin jiragen sama. Kuma sun yi amfani da su. Na ba shi labarin Stephen Hopkins, wanda ya yi karo da jirgin farmakin Jamus mai suna Stier a kudancin Atlantika ran 27 ga Satumba, 1942. Da bindigarsa ɗaya ta baya ya yi ta musayar wuta har dukkansu biyu suka nutse. Mutum 15 ne suka kai gaɓar Barazil da rai, bayan kwana 31 a kwalekwalen ceto.

Hanyar Afirka ta Yamma ma ba ta tsira ba. A Saliyo ayarin jirage ke haɗuwa kafin su nufi Ingila, Jamusawa kuwa sun san da haka. Elder Dempster ya rasa manyan jiragensa na fasinja: Accra a Yulin 1940, Apapa a Nuwamban wannan shekara, sai Abosso ran 29 ga Oktoba, 1942, inda mutum 362 suka halaka. Jiragen kayansa da yawa su ma sun tafi. Wannan asara ce ta sa kamfanin neman jiragen da zai cike gurbi da su a 1947.

Duk da haka na yanke ba zan sa bindiga ba. Shekarun Samota a yaƙi kaɗan ne, shekarun Zungeru a hanyarmu 11 ne. Bayan yaƙi an kwance bindigogi daga jiragen da aka sayar wa 'yan kasuwa, kuma wanda ya shigo Apapa da sunan Zungeru ɗan kasuwa ne. Samfurin Liberty mai launin toka da bindigogi ya cika duniya. Ɗan nawa bai ji daɗi ba, sai da na yi masa alkawarin za mu yi bindigar baya a gefe, a kan ɗan katako, da rubutun shekarar 1943.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Fenti. Ƙasa ja, jiki baƙi, ginin tsakiya fari, bututun hayaƙi rawaya irin na kamfanin. Layin ruwa na ja shi a santimita 8.5 daga ƙasa, da fensir ɗaure a kan tubalin katako ina zagayawa. Ƙurar hunturu na manne wa ɗanyen fenti, don haka sai bayan an yayyafa ruwa a zaure an rufe ƙofa nake shafawa. Fenti na fari gwangwani biyu N7,600, launi huɗu N10,000, tina N2,000. Wurin tsagar bai nuna ba sai in an haska tocila a karkace.

Asabar, 11 ga Janairu

Shafa ta biyu. Rubuta suna a goshi da gindi da burushi mai siririn baki. Tutar kamfanin: fara mai baki biyu, jan kuros, kambi a tsakiya.

Asabar, 18 ga Janairu

Ginshiƙai uku sun tsaya. Hannuwan ɗaga kaya daga tsinken tsire na fere su, igiyoyin kuma zaren ɗinkin takalmi ne da na ja a kan kakin zuma don ya kwantar da gashinsa. Waya da zare da tsinke N1,900. Wannan sashe ya fi kowanne cin ido, amma ba zan taƙaita shi ba, domin a gaɓar Afirka ta Yamma da waɗannan hannuwa jirgi ke rayuwa. Tashoshi da yawa ba su da na'urar ɗaga kaya. A Akara ma babu inda jirgi zai jingina, sai ya tsaya can cikin teku, kwale-kwale su yi ta kai da komo cikin igiyar ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Masu wannan aiki a kan jirgi galibi Kuru ne, wata ƙabila ta gaɓar Laberiya, da ake ɗauka a Saliyo in za a gangara kudu, a sauke su a hanyar dawowa. 'Yan Nijeriya ma sun yi aiki a jiragen kamfanin, a ɗakin inji da wajen hidimar abinci, kuma a 1959 na cikin sabon jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Libaful saboda wariyar da ake nuna musu. Ina so in sassaƙa 'yan mutane huɗu ko biyar a bakin rumbu na biyu, kowanne bai kai santimita biyu ba, da ragar buhuna a rataye a sama.

Injunan naɗe igiya ne suka rage. Zanen da na buga bai nuna su dalla-dalla ba, amma John W. Brown, wanda aka ƙera a wannan maƙera ta Baltimo a 1942, yana nan da ransa a can, kamar yadda Jeremiah O'Brien yake a San Faransisko, kuma hotunan daɓensu sun wadata. Daga nan zan kwafo. Bututun biro da maɓallan riga nake tarawa don su.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau N77,500. Mai gilashi ya ce akwatin da zai rufe shi N65,000 ne, ya kusa kuɗin jirgin dukkansa. Ba makawa sai an yi, in ba haka ba ƙura da yatsun yara za su gama da igiyoyin cikin zango ɗaya. Zan kai maganar gaban shugaban makaranta ranar Litinin, in ga ko za a raba kuɗin biyu.

Kafin azumi: injunan igiya, kwale-kwalen ceto huɗu, 'yan mutanen, buhunan gyada daga tsohon yadin atamfa mai launin ƙasa, zanen injin a kwali, da taswirar hanya daga Ƙofar Mazugal zuwa Libaful. Buhunan zan ba 'yan aji biyu su ɗinka.